Ragar aikin kaba da tsoron rasa haihuwa

Namiji yakan shekara biyar yana fama da kaba, in ta fito ya kwanta ya danna ta ta koma, ya ɗaure ƙugu ya tafi gona ko kasuwa. In ka matsa masa a kan zuwa asibiti, bayan maganar kuɗi sai ainihin damuwar ta fito: "An ce in aka sa wa mutum raga, shi da haihuwa sai dai a lahira." Ba na ganin laifin mai wannan tsoro, domin yana da tushe. Sai dai an zuzuta shi har ya fi cutar da ake gudu haɗari.

Kaba hanji ne ko kitsen ciki da ya samu kafa a bangon mara ya leƙo ta matsematsi, wani lokaci har ya gangara cikin jakar maraina. Tun shekarun 1980, lokacin da likitan nan na Amurka Irving Lichtenstein ya yaɗa salon shimfiɗa ragar roba a kan kafar maimakon a ja nama a ɗinke da ƙarfi, dawowar kaba bayan aiki ta ragu sosai. Jiki ne ke yin tabo ya kama ragar, tabon kuma shi ne ƙarfin gyaran. Matsalar ita ce ta daidai wannan wuri bututun da ke ɗauko ƙwayoyin haihuwa daga maraina yake bi, tare da jijiyoyin da ke kai musu jini. Tabo in ya yi yawa zai iya matse bututun.

Hakan ta taɓa faruwa. A 2005 wasu likitoci a Amurka suka ba da rahoton maza 14 da aka samu maniyyinsu babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya bayan an sa musu raga. Tara daga cikinsu gefe biyu ne suka toshe, sauran biyar gefe ɗaya ne, alhali ɗaya gefen dama yana da tasa matsalar. To amma mutum 14 ne aka tsinto daga cikin waɗanda suka riga suka kai kukan rashin haihuwa, a duniyar da ake yin aikin kaba kusan miliyan 20 duk shekara. Da aka koma ƙirga jama'a da yawa sai labari ya sha bamban. A Denmark, wani bincike na 2018 ya bi maza sama da 32,000 da aka yi wa aikin, bai ga sun haifi 'ya'ya ƙasa da sauran maza ba. A Suwidin ma an duba dubban mutane, ɗan ƙarin rashin haihuwa da aka gani kaɗan ne, kuma a wajen waɗanda aka sa wa raga gefe biyu.

Mai gudun raga kuma ya sani cewa ɗinki ba raga ba shi ma yana iya taɓa bututun ko jijiyar jini, musamman a hannun wanda bai ƙware ba. In kaba ta dawo, aiki na biyu cikin tsohon tabo ake yin sa, nan ne maraina suka fi shiga haɗari. Zama da ita kuwa, ranar da hanji ya shaƙe ya ƙi komawa, cikin awoyi kaɗan hanjin zai iya mutuwa, sai a koma ceton rai da tsakar dare.

Inda nake da ƙorafi shi ne wajen likitocinmu. Dattijo mai jikoki da saurayi ɗan shekara 25 da aka sa wa ranar aure ba shawara ɗaya ta dace da su ba, amma sau da yawa takarda ɗaya ake miƙa musu su sa hannu. Minti nawa zai ci a tambayi mutum: kana son haihuwa nan gaba? Gefe ɗaya ne ko biyu? An taɓa yi maka aiki a wurin kana yaro? Ɗaya marainin lafiyarsa lau? In saurayi ne mai kaba gefe biyu, a yi masa gwajin maniyyi kafin aiki, a gaya masa akwai salon ɗinki ba raga irin na Shouldice, in akwai wanda ya iya shi da kyau. Yara ƙanana dama ba a sa musu raga.

Gwajin nan kafin aiki ne ya fi damuna, saboda toshewar bututu ba ta taɓa ƙarfin namiji, kuma maniyyi yana fita kamar kullum, ƙwayoyin ne kawai babu. Mutum ba zai ji komai a jikinsa ba. Sai a shekara uku shiru, dangi su fara kallon amarya, a dinga ɗura mata saiwoyi da rubutu, a yi mata kishiya, alhali babu wanda ya tuna da tabon da ke matsematsin maigida.