Sunan kamfani kadai ba ya gaya maka komai game da wukar aljihu

Masu tara wukaken aljihu irin masu nadewa din nan, da yawansu in suka kamu da son kamfani daya shikenan, gani suke duk abinda ya fito daga can karfensa iri daya ne. Ba haka abin yake ba gaskiya.

Dauki kamfanin Opinel na Faransa, tun 1890 suke wannan sana'ar, amma wukarsu mai lamba 8 karfenta kala biyu ne, akwai mai rubutun Carbone akwai Inox. Carbone tana saurin daukar kaifi, wasa ta ba wuya, sai dai in ka yanka abu mai ruwa ka nade ta baka goge ba tsatsa zata kama ta, sai kaji mutum yana cewa kamfanin ya lalace alhali shi ne bai duba abinda ya siya ba. Ita Inox an hada karfenta da sinadarin kromiyam, shi yake tare tsatsa, kuma ko ita din in ta dade cikin ruwan gishiri sai ta yi tabo.

Nima ina da kamfanin da nake so sosai, amma kafin in siya sai na karanta irin karfen da aka rubuta a jikin wukar tukuna.