Waɗanda suka zana sararin samaniya kafin a je shi

Hoton nan da ake ta yaɗawa tun shekaranjiya, wanda na'ura ta haɗa tana kwaikwayon bangon tsofaffin mujallun ƙagaggun labaran kimiyya na Amurka, bai dame ni ba kamar yadda maganganun da suka biyo bayansa suka dame ni, domin har na ga mai cewa ya fi na asali kyau, wani kuma yana kiran na da zanen yara. Gaskiya wannan rashin adalci ne.

A lokacin da mawallafi Hugo Gernsback ya fitar da mujallar Amazing Stories a birnin New York cikin watan Afrilun 1926, babu mahalukin da ya taɓa ganin duniya daga sararin samaniya. Sai a 1957 aka harba tauraron ɗan'adam na farko, sai a 1969 aka taka wata. Amma tun kafin nan Frank R. Paul, mai zana bangon mujallar, wanda ya karanci zanen gine-gine, ya zauna da buroshi da fenti yana fitar da manyan birane da kumbuna da halittun wasu duniyoyi, alhali ba shi da hoton da zai duba, ba shi da wanda zai tambaya. Daga kansa ya ciro su. Ku nemi bangon Amazing Stories na watan Agustan 1928 ku ga mutum yana shawagi a iska da na'ura ɗaure a jikinsa, samaniya kuma rawaya fatau a bayansa. Ita na'urar da kuke yabo, daga aikin irin waɗannan mutane ta kwashi abin da take nuna muku, su kuwa ba su kwasa daga kowa ba.

Masu cewa launin ya yi yawa, ai dole ya yi yawa, tunda mujallar kwabo ashirin da biyar ce ta kuɗin Amurka, an jera ta a teburin mai jarida cikin ɗimbin 'yan'uwanta, kuma sai ta fizgi idon mai wucewa kafin ya sa hannu aljihu. Masu cewa mutanen da Paul ke zanawa a sandare suke, na ji, amma ba don fuskoki ake kallon aikinsa ba.

Virgil Finlay kuwa, mai zanen da ya yi suna a mujallar Weird Tales, ɗigo ɗaya-ɗaya yake sa tawada da bakin alƙalami har inuwa ta fito a kumatu, ya kwashe kwanaki a kan zane guda, yana sane da cewa a takarda mafi araha za a buga shi. Wannan haƙurin ne ake kira zanen yara?

Ita takardar ma abin tausayi ce. Daga niƙaƙƙen katako aka yi ta, tana da sinadarin da ke cin ta a hankali, shi ya sa kwafin da suka rage suka koma ruwan ƙasa, gefensu yana marmashewa da an buɗe. Allah ya saka wa masu ɗaukar hotonsu shafi-shafi suna ajiyewa a intanet, domin da yawa daga cikin kwafin nan ba za su ƙara jure juyawar hannu ba.