Fire Emblem, Final Fantasy Tactics da Tactics Ogre ba abu ɗaya ba ne

Jiya bayan isha'i gardama ta ɓarke a majalisarmu ta Tudun Wada, har mai shayi ya fara wanke kofuna ba mu gama ba. Wani abokinmu ne ya leƙa wayata ya ga ina buga Tactics Ogre sai ya ce wai duk irin waɗannan gem ɗin abu ɗaya ne, dara ce aka yi ma kwalliya, ka matsa ɗanka ka jira abokin karawa ya matsa nashi shi ke nan. A wajen ban samu na yi mashi bayani yadda nake so ba saboda kowa na magana lokaci guda, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta. Wanda bai buga su ba kuma yana da niyya ya yi haƙuri, zan taɓo labarin ciki.

Eh akwai kama da dara, ba na musu. Fili ne aka yanka gida-gida, kowa na jiran layinshi, babu gaggawar danna maɓalli irin na gem ɗin ƙwallo, kana iya ajiye waya ka je ka yi alwala ka dawo ba abin da ya motsa. Amma a dara duk 'ya'yan ɗaya suke, tsinke tsinke ne, in aka cinye maka ɗaya lissafi ne ya ragu kawai. A nan kuwa kowane soja yana da suna da fuska da aikin da ya iya, ka raine shi tun yana rago har ya zama gwarzo. Ni abin da nake auna waɗannan wasanni da shi ke nan, me wasan ke sa ka ji tsoron rasawa.

Da Fire Emblem na fara, wanda ya fito a Game Boy Advance (GBA) a 2003, na su Lyn da Eliwood da Hector. Shi ne na farko da Nintendo suka fitar a wajen Japan duk da asalin jerin tun 1990 yake. Dokarshi a bayyane take kamar tafin hannu, takobi na rinjayar gatari, gatari na rinjayar mashi, mashi na rinjayar takobi. Masu dokin nan mai fukafukai suna tsallake dutse da ruwa amma kibiya na yi musu mummunan lahani. 'Yan sulke kamar 'yan lifidin da muke gani a hawan sallah suke, nauyi gare su ba sa sauri, amma ka tsayar da ɗaya a bakin ƙofa ya tare runduna. Makami ma ƙarewa yake, takobin ƙarfe na talaka sara 46 ne ya karye. Kafin ka kai hari wasan zai nuna maka ɓarnar da za ka yi da wadda za a yi maka, saboda haka in mutuminka ya mutu wallahi kai ka kashe shi, ba ka yi lissafi ba ne.

Kuma in ya mutu ya tafi ke nan. Ba zan manta ranar da na rasa Florina, mai doki mai fukafukai a rundunata, ba. An ɗauke wuta, ina kwance a tsakar gida saboda zafi, batir saura kaɗan, na fi awa ɗaya a kan babi guda kuma saura ƙiris in gama. Sai na hango wani ƙauye a can gefe na ce bari in tura ta ta karɓo kyautar da ke ciki, ban duba iyakar inda ɗan baka zai iya kaiwa ba, gida ɗaya tak na wuce da ita. Ƙanena yana zaune kusa da ni yana kallo, ya ce Yaya kashe ka kunna mana. Ba ya aiki, wasan yana adana duk motsin da ka yi, in ka kunna a kan kibiyar nan za ka sake samun kanka. Zaɓi biyu ne, ko ka faro babin daga farko ko ka ci gaba babu ita. Na daɗe ina kallon sikirin ɗin kafin na ci gaba, kuma har na kai ƙarshen wasan duk sanda na ga kogi a taswira sai na tuna da ita.

Wannan nake ganin sababbin sun rage ma ƙarfi. Tun daga Awakening na 2012 mutane suka saba da zaɓin da wanda ya faɗi zai dawo a yaƙi na gaba, a Three Houses na 2019 kuma kana iya maida lokaci baya ka gyara kuskure. Na gane dalili, magidanci mai zuwa kasuwa ba shi da awa biyu da zai zubar, kuma hakan ya jawo ma wasan mutane da yawa. Amma ni dai da zarar na san zan iya gyarawa sai in ga na daina ƙirga gidaje.

Final Fantasy Tactics kuma wata duniya ce daban. A 1997 ya fito a PlayStation, mu nan yawanci na PSP muka sani, The War of the Lions na 2007, wanda ake bugawa a waya da PPSSPP, manhajar da ke kunna gem ɗin PSP. A nan filin yana da tudu da kwari, ɗan baka in ya hau rufin ɗaki kibiyarshi ta fi nisa, in ka zagayo ta bayan mutum ya fi wuya ya kauce. Ba runduna guda ke motsi gaba ɗaya ba, kowa saurinshi ne ke kawo layinshi, kuma manyan tsafe-tsafe sai sun ɗau lokaci kafin su sauka, kana iya auna mutum ya matsa kafin abun ya faɗo. Wanda ya faɗi ana ƙirga mashi uku, in ba ka tashe shi ba ya tafi. Daɗinshi na gaske yana wajen sana'o'i, yaro ya fara a ƙaramin soja ya zama jarumi ya zama ninja, ka ɗebo dabarar wannan sana'a ka haɗa da ta waccan kamar mai haɗa magani. Na sha yin awa guda a wajen shirya mutane ban shiga yaƙi ko ɗaya ba.

To amma nan ne matsalarshi take. Wasan yana barinka ka fi ƙarfinshi. In ka yi haƙuri ka tara maki a ƙananan faɗace-faɗace, ko ka kai inda Orlandeau zai shigo rundunarka, sauran yaƙin ya zama yanka kawai, dattijon nan shi kaɗai yana share fili. Kafin nan kuma akwai faɗa da wani abokin gaba Wiegraf a gidan sarautar Riovanes inda Ramza, jarumin labarin, zai tsaya shi kaɗai, kuma wasan zai ce ka adana kafin ka shiga, in waje ɗaya kake adanawa kuma Ramza ɗinka bai yi ƙwari ba ka maƙale ke nan, ba gaba ba baya. Wannan ba dabara yake gwadawa ba, tarko ne. Labarin kam ba a magana, Ramza ɗan sarauta da Delita ɗan talaka da suka tashi gida ɗaya, sai aka harbe ƙanwar Delita a gaban idonshi saboda ran talaka ba ya cikin lissafin manya. Duk wanda ya tashi a garin da ake tambayar ɗan gidan wane ne kai kafin a ba ka wajen zama zai gane abin da ya juya zuciyar yaron nan.

Akwai kuma XCOM, wani wasan dabarar yaƙi da bindiga, ba zan daɗe a kanshi ba don wasu za su ce ba danginsu ɗaya ba, a kwamfutar yayana na buga na 2012. Ka laɓe bayan bango, ka ga an rubuta kashi 95 cikin 100, ka harba ka kuskure. Mutane na cewa wasan na ha'inci, alhali Fire Emblem na GBA ma yana gyara lissafi a ɓoye, lamba biyu yake jefawa ya ɗauki tsakiyarsu, shi ya sa 80 ɗin da kake gani a zahiri ta kai wajen 92, 30 kuma wajen 18 ce. Sojojin XCOM ba su da labari sai wanda ka ba su, ni sunayen 'yan majalisa na sa musu, kuma hakan ya sa na riƙa taka-tsantsan da su sosai.

Wanda na fifita a kan duka shi ne Tactics Ogre, wanda Yasumi Matsuno ya yi a 1995 kafin ya yi Final Fantasy Tactics, aka sake gyara shi a PSP a 2010 sannan Reborn a 2022. Ba wai faɗanshi ya fi na Fire Emblem tsafta ba, bai fi ba, wani yaƙin yana jan lokaci har ka gaji, kuma shi ma na PSP ɗin yana barin ka maida motsi baya. Amma akwai abin da ya yi min wanda babu wasan da ya taɓa yi. A ƙarshen babi na farko, kai Denam kana yaƙin 'yantar da ƙabilarka ta Walister, sai aka kai ka Balmamusa inda ake tsare da mutanenku, suka ce sun gaji ba za su ɗau makami ba. Sai kwamandanka ya ja ka gefe ya ce umarnin shugaba shi ne a kashe su duka a ɗora ma abokan gaba, don sauran jama'a su fusata su tashi. Ka yarda ko ka ƙi.

Na ajiye waya na fita ƙofar gida na tsaya. Mu da muka tashi a jihar Kaduna ba sai an yi mana bayanin yadda ake amfani da gawa a tada gari ba, mun ji a bakin iyayenmu, wani kuma mun gani. Na dawo na ƙi. Wasan bai yaba min ba ko kaɗan, an kashe mutanen duk da haka, aka maida ni maci amana ana farautata, abokina na yarinta Vyce ya koma ɗaya ɓangaren, kuma da na yarda ɗin ma shi ne zai juya min baya ya tsaya a kan gaskiya. Hanyar da ka bi in ka yarda da kisan ita wasan ya kira ta doka, ta wanda ya ƙi kuma ya kira ta rikici, na daɗe ina juya wannan a raina. Daga nan labarin ya rabe, mutanen da za su shigo rundunarka ma sun bambanta, akwai waɗanda ba za su taɓa yafe maka ba.

Saboda haka malam, in tsantsar dabarar fili kake so Fire Emblem na GBA ne gaba, in haɗe-haɗen sana'a ne Final Fantasy Tactics, amma ni Tactics Ogre nake komawa. Yau da daddare zan zo da caji cike in ba ka wayar ka fara da kanka, ba zan ce maka komai ba har ka kai Balmamusa, ina so in ga wanne za ka danna.