Zomon Alhaji Bagobiri

Alhaji Bagobiri ya faɗo rumfar Bazabarme a kasuwar Katako da ke Yamai, hula a karkace, zomo a hammata.

"Kai bawana, maido min jikka biyar ɗina. Angon da ka sayar min rago ne. Na kai shi zance ɗakin macen, ta yi masa dukan kawo wuƙa, har da cizo."

"Alhaji, ai na gaya maka ita ake kaiwa wurinsa. Zomanya ba ta yarda baƙo ya taka mata keji."

"A Gobir namiji ke zuwa zance."

"To zomon Bagobiri ne?"

"Tunda ya ci dusar gidana, Bagobiri ne. Zane kawai ya rage a yi masa."

Sau uku ana kai ango zance, sau uku yana dawowa da kunne a yage. Sai da Hajiya ta faki ido ta ɗauki amarya ta kai masa. Washegari ga Alhaji kuma.

"Ga rago ga farfaɗiya! Ko minti ɗaya bai yi ba, ya saki wata ƴar ƙara, ya kife gefe guda warwas."

"Wannan faɗuwar ita ce shaidar aure ya ɗauru. Ka ƙirga kwana 31."

"Wata ɗaya? Akuyata wata biyar take yi, kuma akuyar mutunci ce."

Ana gobe wa'adi zai cika, Alhaji ya bugo waya. Shi kam in ya riƙe waya, mutanen unguwar Bukoki ba sa bukatar rediyo.

"Iskoki sun hau ta! Tana tuge gashin ƙirjinta tana tarawa a kusurwa. Na kira malam ya yi mata tofi."

"Shimfiɗa take wa ƴaƴa. Tun kwana na 28 na ce ka sa mata akwati da busasshiyar ciyawa."

"Ka ce. Yaushe Bagobiri ya fara karɓar umarni a bakin Bazabarme?"

Da ta haihu, Bazabarme ya zo barka da kansa, ya tarar da Alhaji ya yi tagumi.

"Ɓeraye ta haifa min. Takwas, jajaye, tsirara, ido a rufe. Wa ya san inda ta yi yawo?"

"Haka ake haifarsu. Gashi zai fito, ido kuma sai wajen kwana 10."

"Kuma uwar banza ce. Tun safe nake zaune nan, ko leƙa su ba ta yi ba."

"Sau ɗaya take shayarwa a rana, kamar minti 5, galibi cikin dare. Nononta kauri gare shi. Duba cikinsu, ka ga tulu-tulu? Sun ƙoshi. A daji ma haka take, don kada yawan zirga-zirga ya nuna wa maƙiyi bakin rami."

Hajiya daga madafa: "Minti biyar kullum? Ai ta fi wani uban da na sani."

Alhaji ya yi kamar da bango take.

"Ka yawaita mata ruwa," in ji Bazabarme, "in ƙishi ya matsa mata tana iya cinye su. Kuma ka raba ta da ango, don yau ta haihu, gobe tana iya ɗaukar wani cikin."

Alhaji ya miƙe, ya jawo carbi ya fara lissafi. Kafin ya kai ƙarshen carbin ya sayi fili a unguwar Yantala, ya biya wa kansa Makka.

"Sannu dai. Afrilu na tafe. In zafi ya wuce digiri 30, ƙarfin haihuwar namiji raguwa yake."

Digiri 30 a Yamai kuwa, ai ranar mutane rigar sanyi suke nema.

Afrilu na kamawa Alhaji ya cire fankar ɗakin Hajiya ya kafa wa ango. Fanka ta juya sau bakwai, masu wuta suka ɗauke abarsu, takardar kuɗin kuwa ita ba ta taɓa makara ba. Da azahar Bazabarme ya leƙo, ya same shi tsugune gaban keji, gumi sharkaf, mafici a hannu.

"Lale! Bagobiri na yi wa zomo fifita?"

"Kaina nake yi wa. Shi ne ya zauna a hanyar iska."