Portland ta raba gari gida huɗu, kuma ni dai ina ganin sun yi daidai

A watan Nuwamban 2022 mutanen birnin Portland da ke jihar Oregon a Amurka suka fito suka kaɗa ƙuri'a kan sabon kundin mulkin birninsu, wajen kashi 58 cikin ɗari suka ce sun yarda. Wani zai ce to mu ina ruwanmu da wani gari can bangon duniya, amma abin da suka yi ta ja-in-ja a kai duk mazaunin birni ya san shi, wato idan kwatar layinku ta toshe ko titi ya mutu, wuyan wa za ka je ka riƙe?

Daga 1913 har zuwa ƙarshen 2024 mutum biyar ne kacal suka riƙa juya Portland, magajin gari da kwamishinoni huɗu, kuma dukansu gari ne gaba ɗaya ke zaɓensu. Ba doka kaɗai suke yi ba fa, kowane kwamishina ana damƙa masa hukumomi ya gudanar, wannan ya riƙe ruwa, wancan 'yan kwana-kwana, wani tituna, magajin gari ke rabawa kuma ranar da ya ga dama ya ƙwace. Sai ka ga mutumin da bakinsa ne ya ci masa zaɓe ya wayi gari shi ne mai kula da ruwan shan mutum sama da dubu 600. Sauran manyan biranen Amurka tuni suka yar da wannan tsari, Portland ce ta maƙale.

Inda abin ya fi ci min rai shi ne wa ke iya cin zaɓe idan sai ka karaɗe gari duka. Mai kuɗin kamfen ne, ko wanda masu kuɗi suka tsaya masa, shi ya sa shekara da shekaru kujerun nan suna yawo a hannun 'yan unguwannin masu hali. Can gabas da titi na 82 kuwa, yankin da aka haɗe da birnin a shekarun 1980 da 1990, nan talakawa da baƙi 'yan ci-rani suka fi yawa, kuma nan za ka tarar da layukan da babu gefen tafiyar ƙafa, wasu ko kwalta babu, a cikin Amurka fa, alhali haraji suna biya kamar kowa.

Yanzu an yanka birnin gunduma huɗu, kowace na da kansila uku, 12 ke nan. Magajin gari ba ya ƙuri'a a majalisa sai an yi kunnen doki, hukumomi kuma sun koma ƙarƙashin ƙwararren jami'i guda. Mai zaɓe yana jera 'yan takara har shida, na fi son wane, sai wane, kuma wanda ya haura kashi 25 ya samu kujera. Masu suka sun ce yaya za a yi mutum ya zama kansila da rubu'in ƙuri'u, ni kuwa nan ne ma abin ya burge ni, domin jama'ar da ba su kai rabin gunduma ba amma sun kai rubu'i yanzu suna iya tura nasu ya zauna a yi rabon kasafi da shi.

Mu nan ai mun daɗe da kansila a kowace mazaɓa, jihar Kano kaɗai 484 ne, amma kowa ya san kansilan da ba ya da ta cewa kan kuɗi suna kawai ya tara, shi ya sa har sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi. Su waɗannan 12 na Portland su ke amincewa da kasafin birni, sai da hannunsu kuɗi ke fita.

Amma akwai inda masu sukar suka yi gaskiya. An cusa gundumomi da sabon salon zaɓe da sauya aikin magajin gari duk cikin tambaya ɗaya, eh ko a'a, wanda ke son ɗaya ba ya son ɗaya dole ya haɗiye duka. Kuma a zaɓen farko na Nuwamban 2024, wanda Keith Wilson ya zama magajin gari, takardar ƙuri'a ta cika da sunaye har kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka yi zaɓe suka tsallake layin kansiloli, abin ya fi muni ma a gunduma ta ɗaya, wato gabashin nan da aka ce dominsu aka yi gyaran. Wannan ya dame ni ƙwarai. Gunduma ta ɗaya sai 2028 za ta sake zaɓen kansiloli, kafin nan ya kamata birnin ya ware kuɗi na gaske ya bi mutane gida-gida, masallatai da coci-coci da kasuwanni, da Sifaniyanci da Somaliyanci da Rashanci da yaren Biyetnam, a nuna musu yadda ake cike takardar nan hannu da hannu.