Kyan fuska kawai na saya da kuɗin data?

Daren jiya na kashe wayata a tsakiyar kashi na 11 na wani lakon, wato wasan kwaikwayon talabijin na ƙasar Tailan, kuma har yanzu raina bai huce ba. Ƙanwata ce ta jefa ni ciki. "Yaya, in kika fara wallahi ba za ki iya ajiyewa ba." Na fara. Kowane kashi ya haura awa ɗaya, data ta ƙara tsada tun farkon 2025, wuta kuma sai sun ga dama, har sau biyu ina aika yaro da wayar wurin mai caji. Duk wannan ɗawainiyar a kan wa? A kan wani saurayi da fuskarsa ba ta motsi.

Ga abin da ya ƙure ni. Mahaifinsa ya cika a asibiti, nas ta ja farin zane ta rufe shi, kyamara ta matso har ana ganin gashin idon jarumin. Ya tsaya ƙiƙam kamar mai jiran canji a shago. Kiɗa na ta kuka a bayansa, shi ko gezau. Can sai ga hawaye guda ɗaya ya gangaro, wanda ko makaho ya san ɗiga masa aka yi. Da wannan fuskar ya ce wa yarinya yana sonta a kashi na 6, da ita aka harbe shi a kashi na 9. Gashin goshinsa ma harsashi bai karkatar da shi ba.

Muguwar wasan kuwa, wadda suke kira nang rai, ita aka ɗora wa aikin mutum biyu. Jan baki raɗau, ido a zare, ko ruwa za ta nema sai da ihu. Ta ƙwalla wata ƙara ƙarfe ɗayan dare, sai ga Mama a bakin ƙofa tana salati, ta ɗauka wani abu ne ya same ni. Mari kuma tun ina ƙirgawa har na gaji. Ga tsohuwar ɗabi'ar nan ta lakon, namiji ya fizgi hannun mace, ya ja ta kamar akuya, ya tilasta mata, a sa kiɗa mai taushi a ce soyayya ce. Su kansu mutanen Tailan sun daɗe suna ƙorafi a kan wannan, amma masu shirin nan ko a jikinsu.

Kada wani ya ce min ai haka wasansu yake. Na kalli Buppesanniwat da tashar Channel 3 ta nuna a 2018, labarin zamanin Sarki Narai na Ayuttaya, tsohon babban birnin ƙasarsu. Ranee Campen ta fito a mata biyu cikin jiki ɗaya, azzaluma Karaket da kuma Ketsurang, 'yar zamaninmu da ta farka a jikinta. Tun daga takunta da yadda take kallon bayin gidan za ki gane wacce ce a gabanki, kafin ta buɗe baki. Wasan ya kama mutane har suka riƙa sa tufafin gargajiya suna zuwa kufan Ayuttaya ɗaukar hoto. To ashe suna da gwanaye. Me ya sa za a ɗauko yaro daga tallar man shafawa, a haɗa shi da wata kyakkyawa don masoya su yi ta shewa a intanet, a ce mana ga jarumi?

Dalilin ai yana kan tebur. Ana zaman makoki, sai ga kwalbar lemo an juyo da sunanta saitin kyamara, jarumin ya ɗauka ya kurɓa ya lumshe ido. Wallahi nan ne kaɗai na ga fuskarsa ta nuna wani abu.

Wadda na tausaya wa ita ce dattijuwar da ta fito a mai aikin gida. Tana ninke rigar mamacin, hannunta na rawa, ta kai ta hanci ta shaƙa, ta yi saurin ajiyewa da ta ji tafiya. Ba kiɗa, ba ihu, amma ni na share hawaye. Ko minti biyu ba a ba ta ba aka koma kan gashin goshi.

Sabtaitul ɗin ma, wato fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoton, ya ƙara min zafi. Kalmar "phi" da suke kiran na gaba da su, kamar yadda budurwa ke ce wa saurayinta Yaya a nan, sai aka fassara ta da ɗan'uwa na jini. Kashi biyu ina zaton wa da ƙanwa ne ke neman aure.

Da safe ƙanwata ta leƙo, wai in daure, daga kashi na 14 yake fara iyawa. Na ce mata ta zo da datarta da cajinta.