Ba a Cin Iri

Ranar da muka shiga ɗakin kakata don haɗa kayanta bayan rasuwarta, abin da muka tarar bai cika tabarma ɗaya ba: butar alwala, carbi da zarensa ya sha ɗauri, 'yan zannuwa, sai fartanyar da ƙotarta ta yi santsi don riƙo. A bango kuma ga damin zangarniya guda a rataye. Irin damina mai zuwa ne. Tsohuwa ta haura shekara 80, ƙafa ta daina kai ta gona, amma ta ware iri.

'Yan'uwana matasa, a kan damin nan nake so mu yi magana.

Wanda bai tashi a gidan noma ba yakan zaci iri shi ne ragowar abin da ke cikin rumbu. Ina! Tun hatsi na tsaye a gona Kaka take zagayawa, tana duba zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fi cika, wadda tsutsa ba ta taɓa ba, wadda ta nuna da wuri, su take yankewa ta ajiye gefe. Mafi kyawun abin da gona ta bayar, shi ne ba ya shiga tukunya. Ba ta kuma sussuke shi, ta ce a zangarniyarsa ya fi jure wa ƙwari. Sai da na girma na ji malam yana fassara aya ta 47 a Suratu Yusuf, inda Annabi Yusuf (AS) ya ce a yi shuka shekara 7 a jere, abin da aka girbe a bar shi a zangarniyarsa, sai kaɗan da za a ci. Na tuna da bangon ɗakin Kaka.

Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, rumbu ya yi ƙasa tun bazara ba ta yi nisa ba. Ina yaro lokacin, na nuna damin na ce, "Kaka, ga hatsi can muna kwana da yunwa?" Ta dube ni ta ce, "Maigidana, wanda ya ci iri ai baɗi ya cinye." Na yi kuka, ta rarrashe ni, dami dai bai sauko ba.

Kada ku ɗauka rowa ce. Ranar da aka kawo amfani gida, kafin dami ya shiga rumbu sai ta sa an ƙirga, na goma a fitar da shi waje, ta ce ba namu ba ne. Ta san hukuncin kamar yadda ta san gonarta: abin da ruwan sama ya shayar, kashi 1 cikin 10, na ban ruwa kuma kashi 1 cikin 20. A shekarar da amfani bai kai nisabi ba ma sai ta fitar, ta ce sadaka ce. In ta kore tsuntsaye ta gaji, sai ta yi dariya ta ce ai an faɗa a hadisi, abin da tsuntsu ya ci daga shukar mutum, sadaka ce a gare shi. Ban taɓa farkawa da asuba na same ta a kwance ba, ko a sanyi ko a ruwa.

To mu fa? Mu ma muna da iri, kuma muna cinsa ɗanye. An haɗa wa saurayi ɗan jari, kafin wata ya zagayo ya koma waya da takalmi. Ɗalibi ya raba dare yana latse-latse, asuba ta wuce shi, lacca ta wuce shi, ya tashi yana zagin ƙasa. Wata ta ari kuɗin ƙawarta ta daina ɗaga kira, ta sayar da amanar shekara goma a kan abin da ba zai kai ta mako ba. Ƙarfin jikin nan da muke taƙama da shi, da wannan sarari da muke kashewa a majalisa, su ne zangarniyar da ta fi cika. Ban ce kowa ya koma gona ba, ni kaina kunya biyu in na nome sai baya ya ƙage. Amma kowane ɗayanmu ya san abin da ya kamata ya rataye a bango, ya kuma san ranar da ya sauke shi ya cinye.

Ni ma ban tsira ba. Zuwana na ƙarshe, tana yi mini bayanin yadda ake bambanta ruwan farko mai yaudara da ruwan shuka na gaskiya, yadda ake tona ƙasa da hannu a ga inda laima ta kai. Ina riƙe da waya, ina ta "to, Kaka, to". Ta lura, ta yi shiru, ta ɗauki carbinta. Ragowar bayanin ya tafi da ita. Wanda tsohuwarsa ke raye, don Allah ya kife wayar nan ya zauna, ya tambaye ta, ya bar ta ta kai aya.

Damin kuwa, da ruwan shuka ya sauka kawuna ya sauke shi aka sussuke. Na bi shi gona, yana gaba yana sara da sungumi, ina baya ina jefa iri ina rufewa da diddige. Can ya waiwayo ya ce, "Kai, rage hannu, ba haka Iya take zubawa ba."